Garote: rataya ce ko shaƙewa? Ina neman kalmar Hausa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi gaban manya. Waɗanda suka san ni sun san ina gabatar da ɗan shirin tarihin duniya a rediyo. Makon jiya na kawo labarin Atahualpa, sarkin Inka na ƙasar Peru, wanda Sifaniyawa ƙarƙashin Pizarro suka kama a garin Kahamarka. Ya yi musu alkawarin cika ɗaki da zinariya sau ɗaya, da azurfa sau biyu, aka tara musu dukiyar, duk da haka suka kashe shi a 1533. Da na zo wurin kisan sai na ce "aka rataye shi". Ana gama shiri wani dattijo ya kira, cikin ladabi ya ce, "'Yata, ba rataye shi aka yi ba, ki sake dubawa." Na koma kan takarduna, kalmar da ke wurin ita ce garrote, wadda ake furtawa garote. Ni na ɗauka duk kisan da aka yi ta wuya rataya ne. Ranar Lahadi mai zuwa ina so in gyara a gaban masu sauraro, amma ban san da wace kalma zan gyara ba. Don Allah me Bahaushe zai kira wannan?

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Malama, ni ban ga kuskuren da kika yi ba. Igiya ce a wuya, numfashi ya tsaya, rai ya fita. Mai sauraro a kasuwa ko a gona abin da ya sani shi ne hukuncin kisa ta hanyar rataya, shi yake ji a labarai kullum. In kika kawo masa wata kalma rikita shi za ki yi. Ki bar ta yadda take.

Baba Tafinta:
Abban Sadik, yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Na yi shekaru ina tafinta a kotu kafin in ajiye aiki, kuma na ga ranar da bambancin kalmomin nan biyu ya kusa canza shari'a.

Rataya, a Hausa, dole akwai lilo a ciki. Ka rataya jaka a kafaɗa, ka rataya riga a ƙusa, ka rataya ƙwarya a maratayi. Abin yana reto, nauyinsa ne ke jan sa ƙasa. To haka mutum: in an ce an rataye shi, nauyin jikinsa ne ya ja igiyar. Shaƙewa kuwa ba ruwanta da lilo. Mutum na zaune ko na kwance wani ya matse masa wuya, ƙarfin daga hannun wani ya fito.

Wata rana a wata kotu ana shari'ar mutuwar wata matar aure. Maƙwabciyarta, tsohuwa, ta zo shaida. Ina ganin ta har yau, ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu tana rawa, ta ce, "Na shiga na iske ta a shaƙe." Da yake tun safe lauyan mijin yake ta nanata cewa ita ta rataye kanta, bakina ya kusa juya maganar tsohuwar zuwa rataya. Allah ya taimake ni na tsaya, na roƙi alƙali ya bari in sake tambayar ta. Na ce, "Iya, a rataye kika same ta ko a shaƙe?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a kan tabarma take kwance, me zai rataye ta?" Da na yi wannan kuskure, da na sa tsohuwa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba, a kan jinin mutum. Tun daga ranar ba na wasa da kalmomin nan.

Maman Ilham:
Innalillahi. Baba, Allah ya saka da alheri. Wato ni ma abin da na yi wa sarkin nan ke nan, na sa shi yana lilo alhali a jikin turke aka ɗaure shi.

Ɗalibin Tarihi:
Yaya Maman Ilham, bari in ƙara a kan maganar Baba da hujja daga inda kalmar ta fito. A Sifaniya garote da rataya hukunci biyu ne dabam, kowanne da sunansa a doka. A 1832 Sarki Fernando na Bakwai ya fitar da doka ya soke rataya a ƙasarsa, ya ce daga yanzu da garote za a riƙa kashewa. To a gwada fassara wannan jimla da shawarar Abban Sadik: "Sarki ya soke rataya ya maye gurbinta da rataya." Magana ta rushe.

Dokar ma kashi uku ta raba shi. Akwai na masu asali, akwai na talakawa, akwai wanda suke kira garrote vil, wato garoten wulaƙanci, na masu laifin da ake ganin abin kunya ne. Na'urar ɗaya ce, mutuwar ɗaya ce. Bambancin yana wurin yadda za a kai mutum dandali: mai asali a kan doki da sirdi, na wulaƙanci a kan jaki ko a ja shi. Sunan na ƙarshen ne ya fi zama a bakin mutane har ya rufe sauran.

Abban Sadik:
To na ji ta 1832. Amma ita na'urar yaya take? Har yanzu ban ga hotonta a kaina ba.

Ɗalibin Tarihi:
Turke ne a kafe, da ɗan wurin zama a jikinsa. Ana zaunar da mutum ya jingina, a sa masa zoben ƙarfe a wuya, ta bayan turken akwai ƙarfe mai murɗi irin na noti da hannun juyawa. Mai kisan yana tsaye a baya yana murɗawa, zoben yana tsukewa. Masu kare ta sun ce tana karya wuya nan take, don haka ta fi rataya sauƙi. Amma abin ya dogara da ƙarfin hannun mai murɗawa da ƙwarewarsa, shi ya sa sau da yawa mutum a hankali yake mutuwa, da shaƙewa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ma'aikacin gidan likita ne a nan Damagaram, kuma da na ga kalmar sai na yi mamaki, don kullum tana bakinmu. Robar nan da muke ɗaure wa mutum a dantse kafin mu ɗebi jini, da Faransanci garo muke ce mata, a rubuce garrot. Haka in mutum ya ji mummunan rauni jini na zuba, abin da ake ɗaurewa a sama da ciwon don jinin ya tsaya, shi ma garo ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa 'yar'uwar wannan kalma sunan abin kisa ba ce.

Ɗalibin Tarihi:
Dangi ne kuwa. A Sifaniyanci asalin ma'anar garrote ita ce sanda mai kauri, kulki. Daga nan ta koma kan sandar da ake cusawa cikin igiya a murɗa don ta tsuke.

Baba Tafinta:
Af, ai wannan mun san shi. Mahaifina itace yake kawowa gari a kan jakuna. In ya ɗaure kaya igiya ta yi sako-sako, ba ya kwancewa. Ɗan guntun icce yake samu ya zura tsakanin igiyar, ya yi ta murɗawa har sai ka ji kayan na ƙara, sannan ya maƙale bakin iccen a ƙarƙashin wata igiyar. Ina yaro ni nake riƙe masa kan jakin. Ashe dabarar da talaka ke neman abinci da ita, ita wasu suka ɗauka suka kai wuyan ɗan Adam. Allah ya kyauta.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, Allah ya ƙara wa kowa sani. Larabci ma ya raba su. Shaƙewa ita ce khanƙ, rataya kuwa shanƙ. In ka ji a labaran Larabawa an ce an zartar wa wani hukunci shanƙan, rataye shi aka yi. Ita khanƙ tana cikin Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida aya ta 3, inda aka jero dabbobin da aka haramta ci: al-munkhaniƙa. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya ji malamai na fassara ta da shaƙaƙƙiya ko maƙararriya, kamar akuyar da igiyarta ta zarge mata wuya a turke ta mutu. Ban taɓa jin malamin da ya ce ratayayyiya ba. Don haka Malama, kalmar da kike nema ba baƙuwa ba ce, tana cikin kunnen masu sauraronki tun suna yara.

A fiƙihu ma an yi maganarta. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya kashe da gangan ana yi masa ƙisasi da irin abin da ya yi kisa da shi, in ban da abin da shi kansa haramun ne ko wanda zai tsawaita azaba. Hanafiyya suka ce a'a, ƙisasi sai da takobi. Ka ga ke nan dole alƙali ya san ko shaƙewa aka yi ko wani abu. Yahudawa kuma a tsohuwar shari'arsu hanyoyin kisa huɗu suka lissafa: jifa, ƙonawa, takobi, da henek. Wannan ta ƙarshen shaƙewa ce, kuma tushenta ɗaya da khanƙ ta Larabci.

Abban Sadik:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Na janye rataya. Amma ga wata: shaƙewa a kunnena aikin ɗan fashi ne ko mai faɗa. "Ya shaƙe shi ya ƙwace waya." In Malama ta ce "aka shaƙe sarki", mai sauraro zai ɗauka wasu ne suka lallaɓa cikin dare suka kashe shi. Ba zai gane cewa zama aka yi aka yanke hukunci ba. Rataya ko banza tana ɗauke da ƙamshin kotu.

Baba Tafinta:
Yanzu ka zo da magana. Wannan gaskiya ne, kuma dalilinsa a tarihinmu yake. Yadda muka ji daga manya, a masarautunmu na da wanda aka yanke wa kisa hauni ake miƙa wa, shi kuwa da takobi yake aiki. Akwai kuma tsirewa. Rataya a matsayin hukuncin hukuma da zuwan Turawa ta kafu, ta zauna a dokokinmu har yau. Da ita aka kashe Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. 'Yan fashi kuma zamanin soja harbewa ake yi. To ka ga harshenmu ya saba jin sarewa da ratayewa da harbewa daga bakin hukuma, bai saba jin shaƙewa daga can ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a sa mata hukunci a gaba. Hukuncin kisa ta hanyar shaƙewa. Da mutum ya ji "hukunci" ya san ba ɗan fashi ba ne.

Anti Nas:
Baba, ina da tambaya a kan maƙurewa. Mu a gidanmu in da hannu ne cewa muke "ya maƙure shi", in da igiya ko ɗankwali ne sai mu ce "ya shaƙe shi". Haka yake ko mu ne kawai?

Dalilin tambayata, a karatunmu na asibiti kashi uku aka koya mana, kuma sun yi daidai da kalmomin nan uku. Wanda nauyin jiki ya ja, wanda wani ya ja igiyar, da wanda aka matse da hannu. Likitan da ke binciken gawa yana iya rarrabewa. Shaidar rataya yawanci tana hawa sama a karkace zuwa wurin ƙullin, ta shaƙewa da igiya kuwa a miƙe take zagaye wuya, kuma ta fi yin ƙasa. Ita ratayar ma iri biyu ce. Ta da, mutum shaƙewa yake yi a kan igiyar. A 1872 ne wani mai aikin rataya a Ingila, William Marwood, ya fara amfani da doguwar faɗuwa don wuya ya karye nan take. Wato ana iya mutuwar shaƙewa a wurin rataya, amma ba duk shaƙewa ce rataya ba.

Baba Tafinta:
'Yata, rabon da gidanku ya yi mai kyau ne, kuma na ji shi a bakin mutane da yawa, sai dai ba ƙa'ida ba ce da kowa ke bi. Na sha jin "ya shaƙe masa wuya da hannu", kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ce. Shaƙewa ta fi faɗi, tana ɗaukar hannu, tana ɗaukar igiya, har ƙashin kifi yana shaƙe mutum. Maƙurewa ta fi karkata ga hannu da kuma matsa mutum a lungu. Tunda garote ba da tafin hannu ake yi ba, shaƙewa ta fi dacewa.

Hajiya Babba:
Ni dai tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. 'Ya'yana, ba ku da abin tattaunawa sai yadda ake matse wuyan mutum? Ba don komai na faɗa ba. A 2023 da cutar mashaƙo ta shigo Kano, jikata 'yar shekara shida ta kamu. Kwana uku ina zaune a gefen gadonta ina jin numfashinta na fita da ƙyar kamar ana jan zare ta cikin kara, wuyanta ya kumbura, tana kallona ba ta iya kiran sunana. Allah ya tashe ta, amma yaron da ke gadon kusa da mu bai tashi ba. Tun daga nan ko kalmar shaƙewa ba na son ji. Ya mutum zai ga wannan ya kuma zauna ya ƙera ƙarfen da zai yi wa ɗan'uwansa haka da gangan?

Maman Ilham:
Hajiya, ki gafarce ni, ban san zan taɓa miki wannan ciwo ba. Allah ya raya ta, ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Wallahi ba don sha'awa na kawo maganar ba. Na ga ne in na ce "aka rataye shi" na rufe abin da aka yi masa, kuma wanda aka zalunta yana da hakkin a faɗi zaluncin yadda yake.

Ɗalibin Tarihi:
Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Maganarki ta tuna mini abin da ya sa jikina ya yi sanyi ranar da na fara karanta shi. Sifaniyawan da, sunan da suka ba cutar mashaƙo shi ne garrotillo, wato ƙaramin garote. Shekarar 1613 har ana kiran ta shekarar garrotillo saboda yawan waɗanda ta kashe. Iyayen can sun ga abin da kika gani, suka rasa da me za su kwatanta shi sai da abin da suke gani ana yi wa masu laifi a dandali. Mu kuma muka ciro mashaƙo daga shaƙewa. Harsuna biyu da ba su haɗu ba, suka kama cuta ɗaya da suna ɗaya. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja cewa shaƙewa ce fassarar garote.

Anti Nas:
Haka ne, wata fata-fata ce cutar ke shimfiɗawa a maƙogwaro ta toshe hanyar iska. Tunda maganar ta zo, don Allah iyaye a duba katin rigakafin yara, allurar tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai tun suna 'yan makonni.

Hajiya Babba:
Amin, na gode. Ku ci gaba, na fahimci niyyarku. Addu'a kawai nake roƙo ga yaran da suka tafi.

Malamin Zaure:
Allah ya sa masu ceto ne. Hajiya, tambayarki tana da nauyi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan, in za ku yanka ku kyautata yankan. Hadisin yana cikin Muslim, kuma yaranmu na haddace shi a Islamiyya. Dabba ma an hana a wahalar da ita, balle mutum.

Bahaushen Barcelona:
Salam. Ina zaune a Barcelona ta Sifaniya shekaru da dama, kuma na shiga ɗakin da aka yi ɗaya daga cikin garote biyu na ƙarshe a ƙasar nan. Kada wani ya ɗauka maganar zamanin jakuna ce kawai. Ranar 2 ga Maris 1974 ne, zamanin mulkin Janar Franco. Saurayi ne ɗan shekara 25, Salvador Puig Antich, kotun soja ta same shi da laifin mutuwar wani ɗan sanda a musayar wuta. A ranar kuma aka kashe wani mutum a Tarragona ta wannan hanya. Gidan yarin, wanda ake kira Modelo, an rufe shi a 2017, yanzu ana barin mutane su shiga su gani.

Abin da ya fi taɓa ni, ba wani babban zaure ba ne. Ɗakin da ake karɓar ƙunshin kayan da 'yan'uwa ke kawo wa fursunoni ne, nan aka kafa abin. Na tsaya a ciki, ga furanni an ajiye a ƙasa, wani dattijo kusa da ni ya cire hularsa bai ce komai ba. Mutanen nan in suka ce garrote vil, ba wanda ke tunanin rataya. In ka ce musu rataye yaron aka yi za su gyara maka nan take, kamar yadda dattijon nan ya gyara wa Malama. Tsarin mulkin 1978 ya soke hukuncin kisa in ban da dokar soja lokacin yaƙi, a 1995 aka soke wannan ragowar ma.

Ɗalibin Tarihi:
Kuma sun kai shi duk inda suka mulka. A Manila ta Filifin, ranar 17 ga Fabrairu 1872, da shi aka kashe limaman coci uku 'yan ƙasa, Gomez da Burgos da Zamora, bisa zargin hannu a boren da sojoji suka yi a garin Cavite. Kisan nan yana cikin abin da ya tayar da kishin ƙasa a Filifin. A Havana ta Kyuba ma da shi aka kashe Narciso López a 1851.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ban gane ba, in shaƙewa azaba ce haka, don me na ji ana cewa a wasu ƙasashe manya ake yi wa ita don girmamawa?

Ɗalibin Tarihi:
Gaskiya ne, kuma nan ne ma'anar ke juyawa. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba, ba a zubar da jinin gidan sarauta. Don haka ɗan sarki shaƙe shi ake yi da tsirkiya ko igiyar siliki. Sarki Sulaiman ya sa an shaƙe ɗansa Mustafa a 1553. Mehmed na Uku da ya hau gado a 1595 ya sa an shaƙe 'yan'uwansa maza 19. Waziri Kara Mustafa, da ya kasa cin birnin Biyana na Austriya da yaƙi a 1683, a Belgrade aka shaƙe shi a ƙarshen shekarar. A ƙasar Sin kuma dokar sarakuna ta ɗauki shaƙewa a matsayin hukunci mai sauƙi a kan fille kai, ko da ta fi jinkiri, saboda jiki amana ce daga iyaye, a koma da shi cikakke ya fi a koma da shi biyu.

Shi kansa Atahualpa, ƙonawa aka yanke masa. Aka ce in ya karɓi baftisma, wato ya shiga addinin Kirista, za a sassauta, ya karɓa a hannun limaminsu Valverde, sassaucin shi ne garote. Yaya, wannan ya kamata ya fito a gyaranki, don in ba a san ƙonawa aka fara yankewa ba, ba za a gane dalilin shaƙewar ba.

Abban Sadik:
To aikin mun samu sunansa. Ita na'urar fa? Ni ina ganin a ara kawai a ce garoti, yadda muka ari kotu da lauya da fursuna.

Malamin Zaure:
Kafin a ara a duba gida. Muna da mabuɗi daga buɗe, magirbi daga girbe, murfi daga rufe. Me zai hana mashaƙi?

Anti Nas:
Allah ya gafarta Malam, mashaƙi zai ba mu matsala a asibiti. Shaƙa ma tana nan, ta shaƙar iska. In na ji mashaƙi, abin da zai zo mini shi ne ɗan abin da mai asma ke shaƙa ya samu numfashi. Kada abin ceton rai da abin ɗaukar rai su yi suna ɗaya.

Malamin Zaure:
Kin yi gaskiya, ban hango wannan ba. Na janye.

Baba Tafinta:
Akwai tsohuwar kalma da yaran yanzu ba su cika ji ba sai a wa'azi: ƙuƙumi, abin da ake sa wa kamamme a wuya a haɗa da hannuwansa. Shi ƙuƙumi ba ya kisa, don haka shi kaɗai bai isa ba. Amma in aka ce ƙuƙumin ƙarfe mai murɗi, Bahaushe ya ga hoton. Shawarata a haɗa biyun: a faɗi sunansa na asali sau ɗaya, tunda abin nasu ne ba namu ba, a bi shi da bayani. Ban so a mai da shi garoti kamar wani kayan gida da za mu riƙa amfani da shi. Kotu da lauya mun are su ne don sun shigo rayuwarmu. Wannan bai shigo ba, kada Allah ya kawo shi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na rubuta zan karanta ranar Lahadi, a duba mini: "Makon jiya na ce an rataye Sarki Atahualpa, wannan kuskure ne. An yanke masa hukuncin ƙonawa, da ya karɓi baftisma aka mayar da shi hukuncin kisa ta hanyar shaƙewa, da abin da Sifaniyawa ke kira garote, wato ƙuƙumin ƙarfe mai murɗi."

Ɗalibin Tarihi:
Yaya, saura ƙiris. Ƙuƙumin ƙarfen daga baya ya zo, shi ne na su Burgos da Puig Antich. Na zamanin Atahualpa igiya ce da sanda, irin ɗaurin kayan da Baba ya ba mu labari. In kika ce ƙarfe, dattijon nan zai sake kira.

Baba Tafinta:
Yaron nan ya yi daidai. Ki ce: "aka ɗaure shi a jikin turke, aka zarga masa igiya a wuya, aka murɗa ta da sanda har ya cika." Sannan ki ƙara da cewa wannan shi Sifaniyawa ke kira garote. Ƙuƙumin ki ajiye shi sai ranar da kika zo labarin Filifin. Kuma in dattijon ya sake kira, ki karɓi lambarsa ki gaishe mini da shi.

Maman Ilham:
In sha Allahu Baba, zan isar. Na gyara yanzu. Hajiya, zan kuma roƙi minti biyu a ƙarshen shirin in yi maganar rigakafin mashaƙo. Anti Nas, zan kira ki gobe da safe ki faɗa mini abin da ya kamata in ce.